Beli Kafin Kamu: Abin Da Kotuna Suka Yanke A Ƙararrakin Barazana Da Tsangwama

Beli kafin kamu shi ne umarnin da kotu ke bai wa mutumin da ke da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton za a kama shi, cewa da zarar jami'an tsaro sun kama shi a sake shi bisa sharuɗɗan da alƙali ya gindaya. A ƙasashe irin su Indiya da Fakistan tsari ne sananne da lauyoyi ke nema kullum. A Najeriya kuwa babu wata doka da ta ambace shi da wannan suna, duk da cewa buƙatarsa na yawan tasowa a ƙorafe-ƙorafen barazana da tsangwama, inda rigimar bashi ko ta gona ko ta gado kan rikiɗe ta koma takardar koke a caji ofis.

Ɗan kasuwar hatsi a Kajiji da ke Ƙaramar Hukumar Shagari, ko ma'aikacin sakatariya a Boɗinga, na iya wayar gari da labarin cewa abokin hulɗarsa ya kai ƙararsa wurin 'yan sanda a Sakkwato bisa zargin ya yi masa barazana ta wayar salula. Abin da zai fara damunsa shi ne ko akwai kotun da za ta hana a kama shi. Hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasar nan sun nuna cewa akwai kariya ga wanda ake shirin kamawa bisa zalunci, amma ba ta kai ga hana 'yan sanda binciken laifi na gaskiya ba.

Asalin tsarin a Indiya

Indiya ta faɗaɗa wannan fanni sosai, kuma dokokinta na da dangantaka da na Arewacin Najeriya. Kundin Pinal Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960 an gina shi ne a kan na Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Shi ya sa ma'anar laifin tsoratarwa a ƙasashen biyu ta yi kama ƙwarai.

Hukumar gyaran dokoki ta Indiya ta ba da shawarar kafa tsarin a 1969, bayan ta lura cewa masu faɗa a ji kan ƙulla wa abokan hamayyarsu sharri domin a tsare su na wasu kwanaki a zubar musu da mutunci. An sanya shi a sashe na 438 na dokar bin ƙa'idar shari'ar laifuka ta 1973, kuma daga 1 ga Yulin 2024 ya koma sashe na 482 na sabuwar dokar da ta maye gurbinta.

A shari'ar Gurbaksh Singh Sibbia ta 1980, Kotun Ƙolin Indiya ta ce dole mai nema ya nuna takamaiman zargin da yake tsoro, domin ba a ba mutum belin da zai lulluɓe duk wani laifi da za a iya zarginsa da shi nan gaba. A shari'ar Arnesh Kumar ta 2014, wadda ta taso daga zargin gallaza wa matar aure, kotun ta umarci 'yan sanda su daina gaggawar kamu a laifukan da hukuncinsu bai wuce shekara bakwai ba, su riƙa aika takardar gayyata tukuna. A 2020 kuma ta yanke cewa ba dole ba ne a ƙayyade wa irin wannan beli wa'adi. A Afirka, manyan kotunan Kenya na ba da irinsa ta hanyar dogaro da tanade-tanaden 'yancin ɗan'adam na kundin tsarin mulkinsu.

Laifukan da ake magana a kai

Sashe na 396 na Pinal Kod na 1960 ya bayyana tsoratarwa da cewa ita ce yi wa mutum barazanar cutar da jikinsa ko mutuncinsa ko dukiyarsa, ko ta wani da ya shafe shi, da nufin firgita shi ko tilasta masa yin abin da doka ba ta wajabta masa ba. Sashe na 397 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tara ko duka biyun. Idan barazanar ta kisa ce, ko mummunan rauni, ko cinna wa dukiya wuta, hukuncin na iya kai shekara bakwai. Jihar Sakkwato ta sabunta kundin Pinal Kod ɗinta a 2019, tare da kafa dokarta ta gudanar da shari'ar laifuka a shekarar, kuma tana da kundin hukunta laifuka na Shari'ar Musulunci da kotunan Shari'a ke aiki da shi.

Akwai kuma dokar haramta cin zarafin bil'adama ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP. A dokar tarayya, bibiyar mutum domin takura masa na jawo ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar naira 500,000, tsoratarwa kuma shekara ɗaya ko naira 200,000. Sakkwato ta kafa tata dokar a 2021.

Ta uku ita ce dokar laifukan intanet ta 2015. Sashe na 24 nata ya yi ƙaurin suna saboda yadda aka riƙa amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar hukuma a Facebook da sauran kafofin sada zumunta. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020, ta kuma maimaita a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, aka cire kalmomi irin su ɓata rai da cin fuska, aka bar saƙon batsa da saƙon ƙarya da aka aika da gangan domin tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron laifukan wannan doka.

Dukkan waɗannan laifuka suna cikin waɗanda ake bayar da belinsu, tunda babu mai ɗauke da hukuncin kisa.

Ƙofar da tsarin mulki ya buɗe

Abin da ya fi kusa da beli kafin kamu a Najeriya shi ne ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba duk wanda ke ganin an tauye masa haƙƙi, ko ana tauyewa, ko akwai yiwuwar a tauye, damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru. Kalmar "yiwuwa" ita ce ta ba mutum ikon garzayawa kotu tun kafin a taɓa shi.

Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara su ne waɗanda Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, ya fitar, suka fara aiki ranar 1 ga Disamban 2009. Sun soke sharaɗin neman izinin kotu kafin shigar da ƙara, sun cire wa'adin da ƙara ke mutuwa, sun kuma yarda wani ya shigar a madadin wanda abin ya shafa. Mai ƙara kan gabatar da takardar rantsuwa mai ɗauke da labarin abin da ya faru da hujjojinsa. Ana bai wa wanda ake ƙara kwana biyar ya mayar da martani, kuma an tanadi a sanya ranar sauraro cikin kwana bakwai. Idan alƙali ya gamsu cewa jinkiri zai jefa rai ko 'yancin mai ƙara cikin matsanancin hali, yana iya ba da umarnin wucin gadi ba tare da jiran ɗaya ɓangaren ba. Cikin abin da zai iya umarta akwai bayar da beli, ko sakin wanda ke tsare, ko dakatar da duk wani mataki har sai an saurari ƙarar.

A shari'ar Grace Jack da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta 2004, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Jiha da Babbar Kotun Tarayya duk suna da hurumi a ƙararrakin haƙƙin ɗan'adam. Kotun majistare da kotun Shari'a ba sa cikin waɗanda sashe na 46 ya ambata. Saboda haka mutumin Kajiji ko Boɗinga da ke neman wannan kariya, gaban Babbar Kotun Jihar Sakkwato ko Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato zai je, idan kuma bai gamsu da hukuncin ba ya wuce reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke birnin.

Inda kotuna suka ba da kariya

Kotuna sun fi nuna zafi a inda ta bayyana cewa rigimar kasuwanci ce aka yi wa rigar laifi. A shari'ar McLaren da Jennings ta 2003, wadda ta taso daga kama wani mutum a Kano kan kuɗin kwangila, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce karɓo bashi ba ya cikin aikin 'yan sanda.

A 2018 Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan matsayi a shari'ar hukumar EFCC da bankin Diamond, inda taƙaddama tsakanin banki da abokin hulɗarsa kan kuɗaɗen da aka caje shi ta koma koke gaban hukumar. Mai Shari'a Sidi Dauda Bage, wanda daga baya ya zama Sarkin Lafiya, ya bayyana cewa EFCC ba hukumar karɓo bashi ba ce, kuma wajibi ne ta tantace koke kafin ta ɗauki mataki. Muhimmancin hukuncin shi ne kotun ta amince abokin hulɗar bankin na da 'yancin zuwa kotu tun daga lokacin da aka gayyace shi.

Bayan shekara biyu, a shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda, Kotun Ƙoli ta wanke wani mutum da kotun majistare a Kaduna ta samu da laifi kan cinikin ɗan raƙumin dawa da bai kammalu ba, tana mai cewa saɓa alƙawarin ciniki magana ce ta kotun da ke sauraron rigingimun jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ke aiki a duk faɗin ƙasa, ta rubuta wannan ƙa'ida ɓaro-ɓaro: sashe na 32 ya haramta kama mutum kan saɓanin da ba laifi ba ko karya yarjejeniya, sashe na 36 kuma ya haramta kama wani a madadin wanda ake nema.

Misali mafi kusa na kariya daga kamun da bai faru ba shi ne na Kano. Bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin kama Alhaji Aminu Ado Bayero a watan Mayun 2024 a tsakiyar rikicin masarauta, Mai Shari'a Simon Amobeda na Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ya yanke a watan Yuni cewa umarnin barazana ce ga 'yancinsa na walwala, ya kuma umarci gwamnatin jihar ta biya shi diyyar naira miliyan 10.

Idan kuma an riga an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35(6) ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. A shari'ar Jim-Jaja da Kwamishinan 'Yan Sandan Ribas, Kotun Ƙoli ta ce wannan haƙƙi na tabbata da zarar an tabbatar da tsarewar ta haramun ce, ko da mai ƙara bai ambaci adadin kuɗi ba.

Inda kotuna suka ƙi

A ɗaya gefen akwai jerin hukunce-hukunce da suka toshe hanyar mayar da kotu mafaka. Wanda lauyoyin gwamnati suka fi kafa hujja da shi shi ne na Antoni Janar na Jihar Anambara da Cif Chris Uba na 2005, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zuwa kotu domin a kāre mutum daga bincike da gurfanarwa katsalandan ne ga ikon da tsarin mulki ya bai wa hukumomin tsaro. Kafin nan, a shari'ar Gani Fawehinmi da Sufeto Janar na 'Yan Sanda ta 2002, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa 'yan sanda na da zaɓi kan yadda za su gudanar da bincike, ko da yake ta gargaɗe su cewa kuskure ne a kama mutum tukuna sannan a shiga neman hujja.

Umarnin dindindin da Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta bayar tsakanin 2007 da 2008, wanda ya hana EFCC kama tsohon gwamnan Ribas Peter Odili, ya sha suka sosai, kuma manyan kotuna ba su ɗauke shi abin koyi ba. Tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu ya dogara da irin wannan umarni daga babbar kotun jiharsa, amma a 2016 Kotun Ƙoli ta ce ya je ya fuskanci shari'a. Tsohon gwamnan Kogi Yahaya Bello ya samu umarnin hana kamu daga babbar kotun jiharsa a watan Fabrairun 2024, sai dai a watan Afrilu Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da izinin kamo shi. A watan Nuwamba ya bayyana gaban kotu, a watan Disamba kuma aka ba da belinsa kan naira miliyan 500.

Alƙalai su ma suna taka-tsantsan da umarnin da ake bayarwa a bayan idon ɗaya ɓangaren. A watan Disamban 2021 Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ladabtar da alƙalai uku na jihohin Ribas da Kebbi da Kuros Riba saboda umarni masu cin karo da juna da suka bayar a rikicin shugabancin jam'iyyar PDP.

Ma'aunin da alƙali ke amfani da shi

Daga waɗannan hukunce-hukunce ana iya gane abubuwan da alƙali ke dubawa. Na farko, ko tsoron kamun na da tushe. Jita-jitar kasuwa ba ta wadatar ba; ana buƙatar takardar gayyata, ko kwafin koken, ko shaidar cewa jami'ai sun je gida ko shago. Ko ita takardar gayyatar, kotuna sun sha cewa ita kaɗai ba tauye haƙƙi ba ce idan akwai zargin laifi na gaske a bayanta.

Na biyu, mene ne ainihin rigimar. Idan takardar yarjejeniya da rasiɗai da saƙonnin waya sun nuna cewa abin da ya gudana neman biyan bashi ne, ko da da kakkausar murya, to mai ƙara na da hujja mai ƙarfi. Gaya wa mutum cewa za a kai shi kotu ba barazana ba ce a doka. Amma idan a cikin saƙonnin akwai ambaton kisa ko ƙona shago ko sace 'ya'ya, kasancewar bashi a tsakani ba zai wanke wanda ya aika ba.

Na uku, halin mai neman kariyar. Wanda ya amsa gayyata ko ya tura lauyansa ya fi samun sauraro a kan wanda ya ɓuya. Saboda haka umarnin da kotu ta fi bayarwa shi ne mai sharaɗi: 'yan sanda su ci gaba da bincike, amma kada su tsare mutumin fiye da yadda doka ta yarda, idan kuma suna da hujja su gurfanar da shi.

Belin 'yan sanda da belin kotu

Mafi yawan mutane ba sa kai wa ga babbar kotu, don haka kariyarsu ta farko tana cikin sashe na 35 na tsarin mulki. Wanda aka kama na da 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, wajibi ne a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, in ba haka ba cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. Idan gurfanarwar ba za ta yiwu cikin awa 24 ba kuma laifin ba na kisa ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta umarci jami'in da ke kula da caji ofis ya duba lamarin ya ba da beli. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma karɓar kuɗi a kansa laifi ne.

A gaban kotu, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi koyi da ita, ta ce a laifin da hukuncinsa ya haura shekara uku a ba da beli sai dai idan akwai dalilin zaton wanda ake tuhuma zai gudu, ko ya sake aikata laifi, ko ya tsoratar da shaidu, ko ya ɓata hujja. Ta hana tsauraran sharuɗɗan da suka wuce kima, ta kuma fayyace cewa mace na iya tsaya wa mutum. Batun tsoratar da shaidu shi ne ya fi nauyi a ƙarar barazana, tunda mai ƙorafin shi ne babban mai shaida. Wannan ne ya sa alƙalai kan sanya sharaɗin kada wanda ake tuhuma ya tuntuɓi mai ƙorafi ko ya kusanci gidansa, kuma saɓa sharaɗin na iya jawo soke belin.

Haƙƙin wanda aka yi wa barazana

Taka-tsantsan da kotuna ke yi na da nasaba da wanda aka tsoratar da gaske. Matar da tsohon mijinta ke bibiya, ko ma'aikacin da aka yi wa gargaɗi saboda ya ƙi sa hannu a takardar bogi, su ne za su cutu idan umarnin hana kamu ya zama abu mai sauƙin samu. A shari'ar Fajemirokun ta 2009, Kotun Ƙoli ta ce kai rahoton laifi ga 'yan sanda haƙƙi ne kuma nauyi ne a kan ɗan ƙasa, ba za a ɗora masa alhakin abin da 'yan sanda suka yi ba sai an nuna ya yi da mugun nufi. Wanda kuwa ya ƙirƙiri zargin barazana domin matsa wa mai bashinsa, ana iya haɗa shi da 'yan sandan a ƙarar diyya. Dokar VAPP kuma ta bai wa wanda ake tsangwama damar neman umarnin kariya, wanda zai hana mai tsangwamar kusantarsa ko kiransa.

Abin da ya kamata a yi idan gayyata ta zo

Shawarar da ta dace da waɗannan hukunce-hukunce ita ce wanda aka gayyata ya adana takardar, ya tattara duk shaidar hulɗar da ke tsakaninsa da mai ƙorafi, ya daina aika masa saƙo, sannan ya amsa gayyatar da rana a ranar aiki tare da lauya da wanda zai tsaya masa. Idan ya ga alamar ana amfani da caji ofis ne wajen tilasta masa biyan kuɗi ko sa hannu a wata yarjejeniya, yana iya kai koke ga Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko ya shigar da ƙara a babbar kotu. Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman lauyan kyauta daga hukumar tarayya mai tallafa wa marasa galihu ta fuskar shari'a, wadda ke da ofis a Sakkwato.

A garuruwa irin su Kajiji da Shagari, yawancin irin wannan saɓani kan ƙare ne a gaban hakimi ko shugabannin kasuwa ko limamai, kuma dokokin shari'ar laifuka sun bar ƙofar sulhu a buɗe a ƙananan laifuka. Sai dai idan magana ta riga ta shiga kotu, sulhun na buƙatar amincewar alƙali, kuma duk abin da aka cimma ya kamata a rubuta shi a gaban shaidu.